Gurbin da Inna Ta Bari

Abin ya fara ne a makon da aka yi addu'ar arba'in ta Inna Aina'u, a daminar bara, lokacin da gero ya kai gwiwa a gonakin Gidan Kallamu. Ranar Laraba da hantsi wani mutum ya zo daga Bici a kan babur, ya yi ta'aziyya a zaure, sannan ya aika da ambulan mai kauri cikin gida, ya ce a miƙa wa babbar 'yar marigayiya. Babbar ita ce Malama Tahira, shugabar wata makarantar firamare a ƙasar Shanono, wadda ta zo gida domin addu'ar.

Takardun da ke cikin ambulan ɗin hirar Inna ce. A kakar da ta gabata wasu masu bincike sun zagaya ƙauyukan yankin suna ɗaukar muryoyin dattawa. Hira suke nema irin ta tsakar gida, mai yankewa da komawa baya, domin su koya wa na'ura rubuta magana yadda take fitowa daga bakin mutane. Da aka yi wa Inna bayani, cewa ta yi in dai surutu suke so su zo da buhu. Suka maƙala mata ɗan makirfo a gefen mayafi, suka bar ta da aminiyarta Gwaggo Rahmatu suna aikin daddawa, kwana shida a jere. Bayan rasuwar, Hamsatu, ƙanwar Tahira da ke aure a nan cikin garin, ta aika musu cewa iyali suna son abin da aka ɗauka. Abin da na'urar ta rubuta ke nan aka buga aka kawo, shafi ɗari da goma sha huɗu.

Tahira ta karɓa da hannu biyu ta sa a ƙasan jakarta. Ba ta buɗe a gaban kowa ba. Akwai abin da take nema a ciki, kuma ba ta so a ga fuskarta idan ba ta same shi ba.

Inna tana da ɗorawa guda ɗaya da ta gada daga mahaifiyarta. A wannan ƙasa gona daban, itace daban. Mace tana iya mallakar itace a tsakiyar gonar wani, kowa kuma ya san nata ne. Kowace bazara Inna takan ɗauki ƙugiya ta tafi, ta dawo da kwanduna: kalwa ta yi daddawa, gari ta ba jikoki, ɓawon, wato makuba, ta ajiye domin daɓen ɗaki. Ta haura saba'in ba ta fasa ba. Wata rana tana kallon sama ta yi tuntuɓe da saiwa, ta faɗi, ƙashin ƙugunta ya tsage. Likita ya ce idan ta sake faɗuwa ba za ta ƙara tashi ba. Amma tana kwance a gadon asibiti tana lissafin ranar da za ta koma ta kaɗo ragowar. Tahira, wadda ta saba yanke hukunci a makaranta a bi, ta aika aka kira masu saran itace. Ba ta yi shawara da kowa ba. Kafin a sallamo Inna, ɗorawar ta zama itacen girki.

Da aka gaya wa Inna, sai ta ce, "To, an gode." Iyakar abin da aka ji daga bakinta ke nan.

Tahira 'yar fari ce, Inna kuwa tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta zama hira da ita, ba ta haɗa ido da ita. A ɗakin kakarta Tahira ta tashi. Idan ya zama dole a ambace ta, Inna takan ce "ta Shanono". Wannan bai taɓa damun Tahira ba, domin ta san asalinsa. Sai bayan maganar ɗorawa ta ga ta kasa bambance shirun kunya da shirun fushi. Takan zo ta durƙusa ta gaishe ta, Inna ta amsa a taƙaice ta kau da kai, kamar dai yadda ta saba yi shekara arba'in da tara. Tahira ta yi niyyar in babbar Sallah ta zo za ta bi ta wajen Gwaggo Rahmatu ta nemi gafara, yadda ya dace. Saura kwana tara Sallah zazzaɓi ya kwantar da Inna. Kafin Tahira ta samu mota ta iso, har an yi mata wanka.

Da ta koma Shanono, ta zauna bayan la'asar ta buɗe takardun. Ta sami Inna a ciki kamar tana raye: tana faɗa da kaji, tana ba da labarin shekarar fari, tana tsokanar Gwaggo a kan rashin haƙora. Maganar Inna aka fi rubutawa; ta Gwaggo sai jefi-jefi. Har Tahira ta yi murmushi a wasu wurare. A shafi na saba'in da ɗaya ta ci karo da abin da take nema:

"Ɗorawar nan kuwa, Rahmatu, ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci. Itacen da uwata ta bar mini. Wata biyu ko hanyar ban iya bi ba. Dubi wannan kalwar kasuwa, rabi tsakuwa. Kai, kore mini akuyar nan! Ta Hamsatu ce, kullum sai ta zo ta ci mini shanya, da ita da mai ita babu mai jin magana. Amma Hamsatu, ke kika faɗa, na yafe mata tuni, duniya da lahira. Tsoro ne ya sa ta. Da wane bakin? Miƙo mini ƙwaryar can."

Sau uku ta karanta. Ta bi sauran shafukan layi-layi har ƙarshe. Ta sami "ta Shanono" a wurare biyar, duk a kan ƙananan abubuwa: ta aiko da sabulu, ta ce a gyara ƙofa. Ba ta sami komai ba bayan wannan. Ɓacin ran ɗorawa yana nan a rubuce, yafiyar kuwa an ba Hamsatu saboda akuya.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta ci gaba da zuwa makaranta, ta ƙara sadaka, ta tsawaita addu'a ga mahaifiyarta bayan kowace salla. Amma ita da take tsayawa gaban yara kowace safiya tana koya musu matsayin yardar uwa, sai ta miƙa darasin ga mataimakinta.

Mako uku da haka Hamsatu ta zo Shanono barkar haihuwa a dangin mijinta, ta biyo ta gidan yayarta. Tun daga ƙofa ta tsaya tana kallonta.

"Yaya, ko azumin nafila kika ɗauka na wata guda? Dubi wuyanki kamar na zalɓe."

"Aiki ne ya yi yawa."

"Aiki tun yaushe. Ina takardun Inna? Ni na aika aka kawo, ke kika kwashe kika zo kika zauna a kai. Karanta mini in ji. Ni karatuna kafin in gama layi ɗaya tuwo ya ƙone."

Tahira ta ɗauko su. Ta yi niyyar karanta wani wuri mai ban dariya, amma takardun da kansu suka buɗe a shafin da ta fi taɓawa. Ta karanta shi da muryar da take karanta sanarwa a makaranta. Tana kaiwa ƙarshe Hamsatu ta fashe da dariya har da buga cinya.

"Ni? Ni Inna ta yafe wa duniya da lahira saboda akuya? Yaya, Inna ba ta taɓa yafe wa akuyar nan ba. Ranar da zazzaɓin ya fara ma sai da ta ce a yanka ta a huta."

"Abin da aka rubuta ke nan."

"Kuma wai tsoro ne ya sa ni. Tsoron wa? Ni da nake shiga ɗakinta in cinye mata ɗumame tana kallo? Sake karanta wurin."

Tahira ta sake karantawa.

"'Ke kika faɗa.' Wa ya faɗi me? 'Da wane bakin.' Bakin wa? Wannan magana ai guntu-guntu ce kamar an yi wa zane ɓarnar gara. Ku 'yan boko, in dai an buga abu a takarda, ko an ce jaki ya yi ƙwai sai ku ce to." Ta dubi yayarta da kyau, dariyar ta ɗauke. "Au, abin da ya rame da ke ke nan? Mako uku kina haɗiye wannan ke kaɗai?"

Tahira ta sunkuyar da kai.

"Da Gwaggo Rahmatu za mu tambaya," in ji Hamsatu, "to ita yanzu abin da ta ci da safe ma ba ta tunawa. Amma ai muryar tana nan a wajen mutanen Bici. Mu je mu ji da kunnenmu."

"Idan na ji ta faɗi sunanki da bakinta fa? Yanzu ko ba komai ina da ɗan kokwanton da nake fakewa da shi."

"Kokwanton da ya mai da ke kara? Gara ki ji. Gobe in kin tashi daga makaranta ina tasha ina jiranki. Kada ki sa in zo in ja ki a gaban ɗalibanki."

Ofishin masu binciken ɗaki biyu ne na haya a bayan wani layin masu hatsi a Bici. Wanda suka tarar shi ne mutumin da ya kai ambulan ɗin, Malam Abdussalam, dattijo mai furfura a gemu, wanda ya shekara ashirin yana koyar da Hausa a sakandare kafin ya karɓi wannan aiki. Aikinsa shi ne ya saurari murya, ya dubi abin da na'ura ta rubuta, ya gyara. Da Hamsatu ta gama zuba masa bayani, ya cire tabarau ya goge, ya ce:

"Hajiya, sai in fara da neman afuwa. Hirar Inna ba ta kai layin gyara ba tukuna. Da na ji rasuwar, na ga kamar alheri ne in gaggauta kai muku, sai na buga yadda na'ura ta fitar. Ban saurara ba. Laifina ne."

"Allah Ya yafe mana baki ɗaya," in ji Tahira. "Shafi na saba'in da ɗaya."

Ya nemo wurin a kwamfuta, ya juyo da lasifika wajensu. Abin da ya fara fitowa ƙarar taɓarya ce, da kukan kaza, sai tarin nan na Inna, guda biyu gajeru, wanda takan yi kafin ta fara magana mai nauyi. Hamsatu ta toshe baki da mayafi. Tahira ta haɗa hannuwanta a kan cinya ta ƙura wa bango ido.

Muryar ta zo tas, kamar Inna tana bayan ƙofa. Ta faɗi maganar ɗorawa, ta kushe kalwar kasuwa, ta kori akuya. "Da ita da mai ita babu mai jin magana," in ji ta. Taɓarya ta sauka sau biyu. Sannan ta ce, "Amma..."

Taɓaryar ta tsaya. Babu abin da ake ji sai iska a cikin makirfo. A fuskar kwamfuta zanen muryar ya kwanta ya zama miƙaƙƙen layi. Can daga nesa wani ɗan sauti ya gifta, sannan Inna ta ce, "Ke kika faɗa."

"Tsaya, Malam," in ji Hamsatu. "Ina sunan nawa? Ban ji shi ba."

"Babu shi," in ji Malam Abdussalam. Ya mai da muryar baya, ya ƙara ƙarfin lasifika har ƙarshe. Shirun ya dawo da hucinsa. A cikinsa, daga can gefen turmi, muryar Gwaggo Rahmatu ta fito siririya:

"Tahira kike nufi?"

"Ke kika faɗa," in ji Inna. "Na yafe mata tuni, duniya da lahira. Tsoro ne ya sa ta."

"To ki gaya mata mana, yarinyar nan tana ta kewaye-kewaye."

Inna ta yi 'yar dariya. "Da wane bakin? Miƙo mini ƙwaryar can."

Taɓarya ta ci gaba. Malam Abdussalam ya tsayar da muryar. 

Tahira ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta sake faɗa, a hankali. Sannan ta tambaya ko akwai tabarma. Malam ya nuna mata ɗaya ɗakin, ya gaya mata inda gabas take. Ta shiga ta yi sujadar godiya, ta daɗe goshinta yana ƙasa. Da ta fito idanunta sun yi ja, amma kafaɗunta sun sauka, har ta karɓi ruwan da aka miƙo mata ta shanye kofin duka.

"Shi ke nan, an ƙwace mini yafiyata," in ji Hamsatu tana share hawaye. "Na shigo da yafiya duniya da lahira, zan fita da laifin akuya. Malam, wannan na'urar taku ba ta da tsoron Allah. Ina ta samo sunana ta cusa?"

Malam Abdussalam ya yi murmushi. "Abu biyu ne a cikinta, Hajiya. Tana da kunne, tana kuma da hasashe. Kunnen yana jin sauti. Hasashen kuwa an ciyar da shi rubutu mai yawan gaske, har ya san wace kalma ta saba bin wace. Idan sauti ya fito sarai, kunne ke jan gaba. Idan aka yi shiru a tsakiyar magana, ko muryar ta yi nisa kamar ta Gwaggo, wani lokaci sai hasashen ya karɓe. Ya ga an ce 'amma', ya ga 'na yafe mata' yana tafe, ya ce lalle akwai suna a nan. Sunan macen da aka ambata ƙarshe naki ne."

"Wato cike gurbi ta yi, irin na jarrabawa."

"Haka ne. A rubutu ta koyi yawancin Hausarta, a rubutu kuwa ba a jin kunyar suna. Ba ta san akwai uwar da za ta zo kan sunan 'yarta ta tsaya ba. Dalilin da ya sa muke bin ƙauyuka muna ɗaukar hira ke nan. Ni kaina da na zauna na saurara da na gane tun a shirun farko. Mahaifiyata har ta rasu 'wancan' take ce wa yayanmu."

Tahira ta ɗago kai. "Shirun farko? Akwai wasu?"

"Mu duba."

Ya sa kwamfutar ta nuna masa duk inda aka rubuta Hamsatu a cikin kwana shidan nan. Wurare sittin da uku ne. Suka fara bi ɗaya bayan ɗaya, yana sakin muryar kaɗan-kaɗan. Mafi yawa Inna ta faɗi sunan da bakinta, da ƙarfi ma, galibi a cikin faɗa. Hamsatu tana amsawa daga kujera, "Na'am, Inna, ni ce," tana dariya tana kuka. Amma a shafi na goma sha tara, inda aka rubuta, "Hamsatu tun tana ƙarama ba ta da surutu, in ta zauna da allo sai ka manta tana ɗakin," sai suka ji taɓarya ta tsaya, shiru ya biyo.

"Yaya!" Hamsatu ta juyo gaba ɗaya. "Kin karanta wannan? Ni ce ba ni da surutu? Kin karanta wannan kika yarda?"

"Na ce ko kafin ki fara magana ne."

"Ni da aka ce na fito ina gaishe da ungozoma!"

Tahira ta yi dariya, ta farko tun rasuwar, har ta rufe fuska da tafin hannu. Suka ci gaba. A wani wurin Inna tana ba da labarin ranar da aka kawo wa Tahira takardar ɗaukar aikin koyarwa, yadda ta shige bayan rumbu ta yi guɗa a hankali don kada a ji ta. A wani kuma tana cewa duk sabulun da aka aiko ba ta wanka da shi sai ranar Juma'a. Wurare bakwai suka samu. A kowanne, Inna tana zuwa kan sunan sai ta tsaya. Wani lokaci ta yi tari, wani lokaci ta kori kazar da babu alamar tana wurin. Tahira ta lura da wani abu da ba ta faɗa ba: idan maganar ta yau da kullum ce Inna takan ce "ta Shanono", idan kuwa ta taɓa zuciya ko wannan ba ta iya faɗa.

Aka kira la'asar a masallacin layin. Malam Abdussalam ya fita, su ma suka yi tasu a ɗaya ɗakin. Da ya dawo ya zauna, ya gyara tabarau, ya jawo allon rubutun kwamfutar.

"To, Hajiya, bari in gyara tun kuna nan, in sake buga muku sabo ku tafi da shi. Wurare bakwai. In goge Hamsatu in sa Tahira."

"Goge, Malam," in ji Hamsatu. "Na yafe. A ba mai kaya kayanta."

Ya fara da na shafi na saba'in da ɗaya, ya goge. Yana shirin bugawa Tahira ta ce, "Dakata tukuna." Ta matso da kujerarta. "Wannan rubutun da ka gyara, ina yake zuwa bayan namu?"

"Shi ake mayar wa na'urar tare da muryar, ta koya daga gare shi. Abin da muka rubuta shi take ɗauka a matsayin abin da aka faɗa."

"Idan ka sa sunana, za ta koyi cewa Inna ta faɗe shi."

Malam ya gyaɗa kai. "Haka ne. A ƙa'idar aikinmu ma abin da aka ji kaɗai ake rubutawa, akwai alamar da muke sawa inda aka yi shiru. Amma na ce ko naku na gida in sa sunan, saboda jikoki. Wanda zai karanta nan gaba ba zai san wa ake nufi ba."

"Gaskiyarsa," in ji Hamsatu. "Yaya, kin rame kina neman kanki a cikin takardun nan, yanzu an ce ga wurinki har bakwai, ki tsaya kina wani dogon Turanci? Ki bari a rubuta, manya-manya ma, a ja layi a ƙasa."

Tahira ta dubi wurin da aka goge a fuskar kwamfutar, tsakanin "amma" da "ke kika faɗa". Ta tuna shekarun da Inna ta yi tana kewaye wannan suna, a gaban baƙi, a gaban likita, har a gaban makirfon da ta san baƙi ne za su saurara. Ba ta ga dalilin da zai sa a ɗora mata shi a baki yanzu da ba ta da ikon cewa a'a ba.

"Jikoki suna da baki, za su tambaya, mu kuma za mu gaya musu," in ji ta. "Malam, maganar Gwaggo ka dawo da ita, ka rubuta ta a bakin Gwaggo yadda ta faɗa. Wajen Inna kuwa, a namu da naku duka, kada a rubuta sunana. A bar gurbin yadda ta bar shi."